Lambun Ɗalibi: Me ke sa ganye fid da kai kafin a ci moriyarsa?

 A makon jiya mun tsaya kan yadda ake ruɓar da takin gida, muka ce yau za mu shiga batun iri da dashe. Ana cikin haka sai ga wasiƙa daga wata 'yar aji biyar a Sabuwa. Ta ce ta shuka salak a cikin buhunna a tsakar gidansu, ya fito gwanin sha'awa, amma kafin ta tsinki na kwaɗo sau biyu sai ya miƙe sama kamar karan rama, ganyen ya ƙanƙance, ya yi ɗacin da ko akuyarsu sai da ta yi masa kallo biyu. Tambayarta ita ce: “Shin irin banza aka sayar mini?” Ƙanwarmu, da muka karanta wasiƙarki dariya muka yi, amma ba ke muka yi wa ba. Kanmu muka tuna.

A hutun ƙarshen shekarar 2023 muka dawo gida Ruwan Godiya daga Samaru, kanmu cike da karatun noma na shekara guda, muna ganin babu abin da ya rage mu sani. Duk wanda ya fito daga Faskari, Ƙanƙara ko Sabuwa ya san halin da ake ciki: gonakin da ke nesa da gari da yawa an daina zuwa saboda 'yan bindiga, abin da ke hannun mutane ya ragu, kayan miya kuma sun yi tsada. Don haka ɗan filin bayan gida da ke kusa da rijiya, wanda a da kaji kawai ke tona, ya zama abin a duba. Muka yi lissafi da ƙannenmu biyu cewa azumi na tafe a watan Maris, kuma kowa ya san yadda ake rububin salak da yamma a lokacin azumi, a haɗa shi da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa. Inna ta ɗauki kuɗin adashinta ta ba mu. Muka sayo gwangwanin iri a Funtuwa, muka yi shinge da kara, muka ja fangali. Niyyar ita ce ribar ta biya wa ƙanenmu kuɗin rajistar jarrabawar NECO.

Sai tsakiyar Janairu muka yafa irin, muka kuma yafa shi da yawa a ɗan wuri, don gani muke yawan tsiro shi ne yawan kuɗi. Muka koma makaranta, muka bar wa yara umarnin kada su dasa sai mun zo. Ba mu samu zuwa ba sai ƙarshen Fabrairu. Tsiron ya yi mako shida a cunkushe, ya yi dogayen ƙafafu, yana ta neman haske. Muka tumɓuke shi da hannu da rana tsaka, muka dasa, muka koma. Ban ruwa kuma sai yadda ta yiwu, yau a ba shi, gobe a manta saboda makarantar allo ko aike. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, 2024. Kafin a kai goma ta tsakiya, fangali huɗu duk sun yi tsiri, kowane gindi ya fitar da kara daga tsakiyarsa. Abin da muka sayar bai mayar da kuɗin iri da taki ba.

Baffanmu, wanda ya fi shekara talatin yana noman rani a fadama, ya zo ya tsaya a bakin shingen. Muka gaishe shi, muka ce, “Baffa, ku duba mana, mai irin nan ya cuce mu.” Ya karya kara ɗaya, farin ruwa kamar madara ya fito, ya shafa a yatsa. Ya ce, “Yaushe kuka zuba?” Muka faɗa. “Kwana nawa ya yi kafin dashe?” Muka faɗa. Ya ce, “To ku bar mai iri ya sarara. Kun zuba a makare, kun tsufar da shi a gado, kun bar shi da ƙishi, sannan zafi ya zo. Me kuke so ya jira? Shi ma 'ya'ya yake so ya bari kafin ya mutu.” Mun daɗe muna juya wannan magana, domin da muka koma aji, abin da malamai suka koya mana a zango guda bai wuce fassararta ba.

Mu ganye muke so, amma shuka ba don cikinmu take rayuwa ba. Burinta ta yi fure, ta yi iri. Rayuwarta kashi biyu ce: lokacin tara ganye da saiwa, da lokacin haihuwa. Daga ranar da ta juya zuwa kashi na biyu, ƙwayar tsiron da ke can tsakiya, wadda a da take fitar da ganye, sai ta koma fitar da kara da fure, abincin da ke cikin ganyen kuma a kwashe shi a kai sama. Wannan juyi ba ya komawa baya. Ko an datse karan, wani zai fito ta gefe. Gero da dawa idan sun fid da kai murna muke yi, don hatsin muke nema. Salak da alayyahu da albasa kuwa, fid da kai da wuri asara ce. Turawa suna kiran abin boltin, kalmar da suke faɗa wa dokin da ya ƙwace ya zura da gudu. Abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, kowace shuka da abin da take ƙirgawa kafin ta juya. Wata zafi take ƙirgawa, wata sanyi, wata tsawon dare. Wahala kuma, ƙishi ne ko yunwa ko cunkoso ko raunin saiwa, tana gaggauta kusan dukkansu.

Bari mu fara da salak, ko latas kamar yadda wasu ke cewa, tunda shi aka tambaya. Ɗan sanyi ne. Ya fi jin daɗi idan ma'aunin zafi na tsakanin digiri 15 zuwa 20, yana iya jure abin da ya ɗan haura haka, amma idan rana ta riƙa wuce 30 kullum, dare ma ya daina sanyi, sai ya fara shirin tafiya. A ƙasarmu lokacin da ya dace da shi gajere ne: daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wato hunturu. Da Maris ya shigo zafi kan haura 35, a Afrilu ya doshi 40. Farin ruwan nan da Baffa ya shafa a yatsa shi ne mai ɗacin, kuma yana ƙaruwa ne idan shukar ta fara miƙewa. Daga zuba iri zuwa yanka, salak na cin kamar kwana 60 zuwa 70. Saboda haka lissafin daga baya ake faro shi. Ka sa ranar da kake son yanka, ka ƙirgo wata biyu da 'yan kwanaki baya, ranar zuba irinka ke nan. Idan ranar yankan ta faɗa cikin bazara, tun a takarda ka san akwai matsala, ba sai ka kashe kuɗin adashin kowa ba.

Akwai abin da zai faranta wa masu niyyar kasuwar azumi rai. Watan azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Na 2024 ya kama 11 ga Maris, na 2025 ya kama 1 ga Maris, na 2026 kuma wajen 18 ga Fabrairu, gwargwadon ganin wata. Wato yana shigowa cikin sanyi a hankali, kuma shekarun da ke tafe na masu salak ne. Idan azumi ya kama wajen 18 ga Fabrairu, wanda ke son ya yanka a farkonsa, ya zuba iri wajen tsakiyar Disamba. Na goman ƙarshe kuwa, wanda za a zuba a farkon Janairu, zai gamu da zafin Maris, don haka sai an yi masa inuwa, a kuma yanke shi da ƙuruciya. Kada a zuba irin gaba ɗaya rana guda. A raba shi kashi uku ko huɗu, a riƙa zubawa duk bayan kwana goma ko mako biyu. Idan kashi ɗaya ya ƙwace, saura na nan, kuma ba za ka wayi gari da salak fangali huɗu da dole a sayar a yini ɗaya ba.

Yanzu gadon iri, inda mafi yawan ɓarnar ke farawa ba tare da an gani ba. A samu ƙasa mai laushi, a marmashe ta, a haɗa da takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro. A ja layi-layi da ɗan tsinke, tsakaninsu faɗin yatsu huɗu, a zuba irin sama-sama. Irin salak ƙanana ne kuma yana son haske kafin ya tsiro, don haka ba a binne shi. Ɗan barbaɗa ƙasa kawai ake yi, yadda ake barbaɗa yaji a kan tsire. Wani sirrin kuma shi ne, idan ƙasa ta yi zafi kusan digiri 30, irin salak yakan ƙi tsirowa, ya yi kwance kamar matacce alhali da ransa. Mutane da yawa a nan suke zagin mai iri. Maganin abin shi ne a zuba da yamma bayan la'asar, a ba shi ruwa mai sanyi, domin awannin farko da yake shan ruwa su faɗa cikin sanyin dare. A rufa masa busasshiyar ciyawa shara-shara. Cikin kwana uku zuwa biyar zai fito, kuma da zarar an ga kore a ɗauke ciyawar, in ba haka ba tsiron zai yi tsawo ya yi fari. Sai a kafa 'yar rumfa da tsohuwar zana, tsayin gwiwa ko ƙugu, wadda za ta tare ranar tsaka ta bar ta safe da ta yamma su shiga.

Bayan mako guda a rage. Wannan shi ne aikin da ya fi yi wa sabon manomi ciwo, don gani yake kuɗinsa yake cirewa yana zubarwa. A cire dai, a bar tazarar yatsu biyu tsakanin tsiro da tsiro. Waɗanda suka tashi a matse suna gasar neman haske, karansu na miƙewa tun suna jarirai, kuma su ne ke riga kowa fid da kai. Lokacin dashe shi ne mako uku zuwa huɗu, idan tsiro ya yi ganye huɗu ko biyar. Ba a jiran Yaya ya dawo daga makaranta. Shukar tana ƙirga kwanakinta ko tana gado ko tana fangali, kuma duk kwanan da ta ƙara a gado daga cikin kwanakin yin ganye aka cire shi. Kwana uku kafin dashe a riƙa janye rumfar, a ɗan rage ruwa, don ta saba da rana. Ranar dashen a jiƙa gadon sosai, a sa cokali ko ɗan itace a ɗago kowane tsiro da ƙasarsa, kada a fizge. A dasa da yamma, tazarar taki guda da ɗan ƙari, kamar santimita 25 zuwa 30, a bi da ruwa nan take. Mai buhu ko tsohon bokiti, irin ƙanwarmu ta Sabuwa, zai ma iya hutar da kansa: ya zuba ƙwaya kaɗan a inda shukar za ta zauna, ya rage ya bar biyu ko uku, babu dashe babu raunin saiwa. Sai dai a lura, ƙasar buhu ta fi ta fangali saurin zafi da bushewa, musamman idan an ajiye shi a kan siminti ko jikin bangon da rana ke duka. A matsar da shi inda inuwar darbejiya ko ta ɗaki za ta rufe shi daga azahar.

Saiwar salak ba ta nisa, don haka ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma ya fi a cika fangali yau a bar shi kwana biyu. A shimfiɗa ciyawa ko buntun shinkafa a gindi, yana riƙe danshi yana sanyaya ƙasa. Sannan a riƙa kallon tsakiyar shukar. Salak mai lafiya a baje yake kamar faifai. Ranar da ka ga tsakiyarsa ta fara tasowa tana tsini, sababbin ganye na fitowa ƙanana, to ya juya. Kada ka ce bari ya ƙara girma. Ba zai ƙara ba. A yanke shi washegari da asuba, lokacin da ɗacin bai yi ƙarfi ba, a kai kasuwa ko a ci. Idan za a sayi iri, a karanta jikin takardar, a duba ranar lalacewarsa, a kuma tambayi masu lambun garinku wane iri ne ya fi jure musu zafi. Great Lakes yana cikin waɗanda aka daɗe ana shukawa a ƙasar nan, amma shi ma ba ya jure Afrilu.

Alayyahu kuwa halinsa daban ne, kuma a nan ne masu ɗaukar darasin salak su shafa wa kowane ganye suke faɗuwa. Shi zafi bai dame shi ba, so ma yake yi. Amma ku lura da wanda aka shuka a Disamba: yakan tsaya bai fi taki guda ba, ya fid da kai, ganye kamar kunnen ɓera. Sanyi ya hana shi sauri, ga kuma dare ya yi tsawo. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya gani muke rana da dare kusan ɗaya suke duk shekara, alhali a wajenmu yinin Disamba bai cika awa 11 da rabi ba, na Yuni kuma ya kusa awa 13. Wannan ɗan bambanci da mu ba mu damu da shi ba, shuka tana auna shi da ganyenta.

A shekarar 1920 wasu masana biyu a Amurka, Garner da Allard, suka bayyana wannan al'amari. Wata irin taba suke nazari, wadda ke ta tsawo duk lokacin zafi ba ta fure. Sai suka riƙa shigar da ita ɗaki mai duhu tun kafin faɗuwar rana, suna gajarta mata yini, sai ga fure. Daga baya aka gano ainihin abin da shukar ke aunawa tsawon duhu ne. Manomanmu sun san aikin tun kafin a ba shi suna. Yakuwa, ko a Yuni ka shuka ta ko a Agusta, sai ƙarshen damina take fure, shi ya sa zoɓo ke fitowa lokaci guda da kaka; wadda aka shuka a makare sai ta yi fure tana 'yar ƙarama. Haka rama, haka waken kanannado. Masu son aikin gwaji na ajin kimiyya, ku ajiye wannan sai damina: ku shuka yakuwa a tukwane biyu, idan ta yi wata guda ku riƙa kifa wa ɗaya kwali daga ƙarfe biyar na yamma zuwa bakwai na safe, kullum ba fashi, ku ga wadda za ta riga fure. Ku rubuta ranakun a littafi ku aiko mana.

Abin yi ga alayyahu shi ne a ba shi abin da zai shagaltar da shi. A cakuɗa irin da yashi don kada ya taru wuri guda, a yafa a inda zai zauna, a rage da wuri, a ba shi ruwa da taki isasshe. A hunturu kada a jira ya girma, a tuge shi gaba ɗaya a mako na huɗu ko na biyar a sake zubawa. A bazara da damina kuwa ana iya yankansa a bar kamar taki guda daga ƙasa, ya yi rassa, a dawo bayan mako biyu, ana tsinke duk kan da ya leƙo.

Albasa ita sanyi take ƙirgawa, kuma sai ta kai wani girma take fara ƙirgar. Ƙaramin dashe sanyin Disamba da Janairu ba ya ce masa komai. Amma wanda aka zuba da wuri ƙwarai, ko aka ɗura masa taki har ya yi kauri kafin sanyi ya sauka, shi ne zai ɗauka shekara ta zagayo, ya fitar da wannan doguwar sanda mai farin tuntu a ka. Albasar da ta yi haka wuyanta kauri ne da shi, cikinta da tauri, ba ta ajiyuwa. A rumbu ita ke fara ruɓewa ta shafa wa saura. Shi ya sa masu albasa, daga Aliero ta Jihar Kebbi har Galmi ta Jamhuriyar Nijar, ba sa wasa da ranar zuba iri, kuma sukan dasa a mako shida zuwa takwas, kafin kaurin dashen ya wuce na fensir. Idan taka ta fitar da sanda, karya ta tun tana ƙarama, ka sa wa gindin alama, ranar cira ka ware shi a fara ci ko sayarwa.

Kabeji da karas ba za mu daɗe a kansu ba. Su ma sanyi ke sa su fure, amma irin waɗanda ake kawo mana suna bukatar sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 na makonni a jere, wanda ba mu cika samu ba. Dalilin da ya sa kullum sai mun sayi irinsu a gwangwani ke nan, ba ma iya ajiye namu. Matsalar kabeji a nan fashewar kai ce, idan an bar shi da ƙishi sannan aka cika shi da ruwa, ko ya ƙosa aka ƙi yankewa.

Wani abokin karatunmu ya taɓa nuna mana hoton wani ganye da ake ji da shi a kudancin Italiya, ɗan'uwan kabeji na nesa, wanda a Amurka ake kira burokoli rab. Ba mu saba ganinsa a kasuwanninmu ba, amma labarinsa ya burge mu. Shi ana cin ganyensa da karansa da ƙullin furen tun bai buɗe ba, wato manomin yana son ya fid da kai, amma ba da wuri ba, kuma da ya yi sakaci kwana biyu furen ya buɗe ruwan ɗorawa, kasuwa ta wuce. Zafi da ƙishi da dashe duk suna sa shi gaggawa, don haka a gurbinsa ake zuba shi, a lokacin sanyi. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne sunayen ire-irensa a can: akwai ɗan arba'in, ɗan sittin, ɗan casa'in, gwargwadon kwanakin da kowanne ke yi kafin yanka. Mai sayen iri da kwanakin yake saye. In wani ya samu irinsa daga hannun ɗan'uwa matafiyi, ya gwada a Nuwamba, ya ba shi kulawar salak.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce kuskurenmu na biyu, wanda Baffa ya tare kafin mu aikata. Da salak ɗinmu ya yi fure, sai muka ce to ai ba a rasa duka ba, bari mu tara irin waɗanda suka fara bushewa mu huta da saye baɗi. Ya ce, “Wanda ya riga kowa gudu za ku ɗauki 'ya'yansa?” Saurin fid da kai hali ne da ake gado. Idan kowace shekara ka ɗebi iri daga gindin da ya fara fure, da hannunka kake zaɓen masu gaggawa, bayan 'yan shekaru ka samu irin da ba ya tsayawa ko a tsakiyar hunturu. Abin da ake yi shi ne a zagaya fangali, a nemi gindi biyar ko shida masu kyawun ganye waɗanda suka fi kowa jinkiri, a kafa musu tsinke, a hana kowa taɓa su, su ne iyayen baɗi. Haka ake yi wa alayyahu. Albasa kuma ba a ɗibar iri daga wadda ta yi sanda a shekarar farko. Kyawawan ƙwayoyi ake zaɓa a ajiye, a sake dasa su idan sanyi ya zagayo, su ba da iri. Idan kuma kun ga an rubuta F1 a jikin takarda, irin haɗi ne, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwar, ajiye shi ɓata lokaci ne.

To ƙanwarmu ta Sabuwa, mai yiwuwa irinki lafiyarsa ƙalau. Ba ki faɗa mana watan da kika shuka ba, amma tunda kin ce lokacin ana tsakiyar zafi ne, kin ga inda aka samu tangarɗa. Ki gwada ragowar irin kafin ki zubar: ki ɗauki ƙwaya goma ki sa a jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a gindin randa inda ke da sanyi, ki duba bayan kwana huɗu ko biyar. Idan bakwai ko takwas sun tsiro, ki adana sauran a kwalba mai murfi, nesa da rana da murhu, ki jira makon farko na Nuwamba. Mu ma ranar muke jira. Kuɗin Inna dai mun biya a noman bara, daga fangali biyu kacal da muka zuba kashi uku, kuma wannan karon ƙannenmu ne suka yi dashen da kansu a kwana na ashirin da huɗu, sai a waya muka ji labari.

A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba tsutsar da ke huda ganyen kabeji, da yadda ake jiƙa 'ya'yan darbejiya a yi mata feshi.